Lupus a ƙodar yaro: mycophenolate, cyclophosphamide, sababbin magunguna, ko shiga gwaji?

Kafin a gano lupus a jikin yarinya a Katsina ko Daura, yawanci an riga an yi maganin maleriya da taifot sau da dama, an auna sikila, wasu ma an kai su wurin mai ruƙiyya. Sai ƙafafu sun kumbura, fitsari ya fara kumfa, sannan a rubuta gwaje-gwajen jini na ANA da anti-dsDNA da C3 da C4, gaskiya ta fito: garkuwar jikinta ce ta juya tana yaƙar jikin. Kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na masu lupus tun suna yara yake kama su, galibi 'yan mata a bakin balaga, kuma ya fi na manya zafi. Fiye da rabin yaran yakan taɓa musu ƙoda. Daga nan likita zai ajiye wa iyaye zaɓi: ƙwaya da za a sha kullum, ko ƙarin ruwa a asibiti, ko ɗaya daga sababbin magungunan da ake jin labarinsu a intanet, wasunsu ma har yanzu gwada su ake yi a kan yara.

Domin lissafi ya fito fili, a ɗauki yarinya 'yar shekara 12 mai nauyin kilo 35 da tsawon santimita 145. Faɗin jikinta, wanda da shi ake auna wasu magungunan, ya kama murabba'in mita 1.2. Likita ne mai yanke adadi. Alƙaluman nan na taimaka wa mai biya ne ya san abin da ke gabansa.

Magunguna biyu da ba sa cikin zaɓi

Kowace hanya aka bi, prednisolone da hydroxychloroquine suna ciki. Prednisolone kamar 'yan kwana-kwana yake: yana kashe gobara nan take, amma in ya daɗe yana feshi ruwan ne zai rusa ɗakin. Akan fara da ƙarin ruwan methylprednisolone na kwana 3 in ciwon ya yi tsanani, a koma ƙwaya, a riƙa ragewa har a sauko miligiram 5 a rana ko ƙasa da haka. Daɗewa a kan mai yawa yana tsayar da girma, ya kumbura fuska, ya kawo hawan jini, suga, yanar ido da lalacewar ƙashin ƙugu. Danginsa ne ake samu a ƙwayoyin ƙibar da ake kira sha-ka-fashe. Ba a yanke shi rana ɗaya, domin jiki ya daina sarrafa nasa, kuma yankewar na iya jefa yaro cikin suma. Duk sauran magungunan da ke ƙasa, rabin aikinsu shi ne ba da damar rage wannan.

Hydroxychloroquine ba ya wuce miligiram 5 a kowane kilo a rana. Ga yarinyarmu 175 ke nan, ƙwayar kuma 200 ce, don haka likita kan ce a sha kwana shida a mako a huta ɗaya. Yana rage tashin ciwo, yana kare ƙoda. A duba ido a farko, sannan duk shekara bayan shekara 5, ko tun kafin nan in ƙoda ta yi rauni. Ko da yake ɗan'uwan chloroquine ne, ba zai kare ta daga maleriyarmu ba, gidan sauro na nan daram.

Ma'aunan da za a ɗora kowane zaɓi a kai

Na farko shi ne abin da ƙodar ta nuna. Ana ɗebo ɗan tsokar ƙoda da allura a duba, a sanya ciwon a aji na 1 zuwa na 6. Aji na 3 da na 4 su ne masu cin ƙoda da sauri, su ke buƙatar magani mai ƙarfi. Aji na 5 zubar furotin ya fi yi. Iyalin da aka tura Asibitin Malam Aminu Kano ko Shika don wannan gwaji kada su ga kamar ɓata kuɗi ne, shi ne ke hana a ba yaro maganin da ya fi ƙarfin ciwonsa, ko wanda bai kai ba.

Na biyu kuɗi, amma kuɗin shekara 3, domin ƙa'idar 2024 ta KDIGO, ƙungiyar duniya mai tsara ƙa'idojin maganin ƙoda, ta ce a aji na 3 da na 4 maganin danne garkuwa ya kai wata 36 aƙalla. A haɗa da kuɗin mota, gwajin jini da kwanan Kano. Na uku ɗorewa: in ciwon ya kwanta, zai daɗe a kwance? Na huɗu sauƙi: tafiya nawa, firiji, da ko yarinyar za ta sha in ba a tsaye a kanta. Na biyar haɗari, musamman kamuwa da cuta da batun haihuwa. Na ƙarshe, shin an gwada shi a kan yara, ko daga manya aka yi ƙiyasi?

Mycophenolate

Shi ne likitocin yara suka fi farawa da shi yanzu. Adadinsa miligiram 600 a kowane murabba'in mita, sau biyu a rana. Yarinyarmu za ta sha kimanin 750 safe da dare, wato ƙwaya 90 ta miligiram 500 a wata, fiye da 3,000 a shekara 3. A nan gizo ke saƙar. Maganin daga waje yake zuwa, farashinsa na bin dala, kuma abin da aka fi gani shi ne uba ya sayi na wata biyu, a na uku a koma sau ɗaya a rana don ya kai ƙarshen wata. Rabin adadi ba ya riƙe aji na 4, amma yana iya isa ya raunana garkuwa.

Hujjarsa mai kyau ce. A binciken ALMS da aka wallafa a 2009, mutum 370 masu shekara 12 zuwa 75, kashi 56 sun samu sauƙi da shi, kashi 53 da cyclophosphamide, wato kusan kunnen doki. Amma a cikin baƙaƙen fata da 'yan Latin Amurka mycophenolate ya fi yin aiki. A zango na biyu na binciken, na riƙe ciwo har wata 36, magani ya gaza ga kashi 16 na masu shan sa, da kashi 32 na masu shan azathioprine.

Matsalarsa ta yau da kullum zawo da ciwon ciki. Ana magance su da farawa da kaɗan a hau a hankali cikin mako biyu zuwa uku, ko a raba sau uku, ko a koma Myfortic, wani nau'in maganin. A kula: miligiram 360 na Myfortic shi ne daidai da 500 na CellCept (sunan kasuwa na mycophenolate da aka saba), kada mai kemis ya musanya ƙwaya da ƙwaya ba lissafi. Maganin gyambon ciki na ruwa mai fari yana hana shi shiga jini, a raba su da awa biyu. Ana auna fararen ƙwayoyin jini akai-akai a farko, daga baya duk wata ɗaya zuwa uku.

Babban abin da ya shafi gidajenmu: yana jawo ɓari da haihuwar jariri mai tawaya a kunne, leɓe da zuciya. Yarinyar da ta fara shi a shekara 14 na iya kasancewa a kansa ranar da aka sa bikinta. Likita ya ji maganar auren tun ranar da aka kawo kuɗin gaisuwa, don a sauya zuwa azathioprine da wuri. Mafi ƙarancin tazara tsakanin daina shi da ɗaukar ciki mako 6 ne, kuma ana son ciwon ya yi wata 6 a kwance.

Cyclophosphamide

Sunansa na tsorata iyaye saboda maganin daji ne. Amma shi ne tsohon hannu, kuma maganin kansa ba shi da tsada. Kuɗin gado, ruwa, gwaji da maganin amai su ne nauyin. Tsari biyu ne. Na Amurka: miligiram 500 zuwa 1,000 a kowane murabba'in mita, sau ɗaya a wata, wata 6. Na Turai, wanda aka wallafa a 2002: miligiram 500 duk mako biyu, sau 6, jimilla giram 3 ga babba, a gama cikin wata 3. Na biyun ya fi sauƙi ga jiki, kuma cibiyoyin yara da yawa sun koma kansa.

Fa'idarsa da ba a cika faɗa ba: a gaban ma'aikaciyar jinya ake sa shi. Budurwar da ke ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin katifa saboda fuskarta ta kumbura ba ta da hanyar ɓoye ƙarin ruwa. Kuma tafiya shida tana da iyaka, iyali na iya sayar da tunkiya su san sun gama. Daga Daura zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka, ana zuwa a dawo.

Haɗarinsa uku. Fararen ƙwayoyin jini na faɗuwa tsakanin kwana na 10 da na 14, don haka a ranakun nan ake gwajin jini, kuma zazzaɓi a lokacin maganar asibiti ce a daren. Yana ƙona mafitsara har a yi fitsarin jini, shi ya sa ake sa shi da safe, a ɗura ruwa, a riƙa fitsari akai-akai, wani lokaci a haɗa da mesna, maganin kare mafitsara. Sai haihuwa. Ga mace haɗarin na ƙaruwa da shekaru da jimillar abin da aka sha; ƙaramar yarinya a tsarin Turai haɗarinta kaɗan ne. Ga namijin da ya balaga maniyyi na iya raguwa, musamman in aka maimaita zagaye. A ajiye takardar da ke nuna jimillar giram ɗin da yaro ya taɓa karɓa, domin in an canza asibiti ita za a fara tambaya.

Ba ya riƙe ciwo shi kaɗai. Bayan an gama dole a ɗora da mycophenolate ko azathioprine.

Azathioprine

Miligiram 2 a kowane kilo, wato ƙwaya ɗaya da rabi ta miligiram 50 a rana, 45 a wata, sau ɗaya ake sha, kuma ya fi mycophenolate araha nesa ba kusa ba. Bai isa ya kashe wutar aji na 4 ba, aikinsa riƙewa ne. Binciken MAINTAIN na Turai bai ga wani bambanci mai ƙarfi tsakaninsa da mycophenolate ba, ALMS kuwa ya gani. Duk da haka azathioprine da ake sha kullum ya fi mycophenolate da ake sha yau a rasa gobe. Ana iya ɗaukar ciki a kansa. Wasu mutane jikinsu ba ya narkar da shi, ɓargo ya tsaya, shi ya sa gwajin jini na makonnin farko ba abin wasa ba ne. Kada a haɗa shi da allopurinol, maganin ciwon gaɓoɓi na gout.

Tacrolimus

Yana saurin rage furotin a fitsari, ya fi amfani a aji na 5 ko a matsayin ƙari kan mycophenolate. A wani bincike na Sin da aka wallafa a 2015, haɗin biyun ya kwantar da ciwon gaba ɗaya ga kashi 46, cyclophosphamide kashi 26, a wata 6. Amma sai an riƙa auna yawansa a jini, awa 12 bayan na dare kafin a sha na safe, kuma gwajin ya fi samuwa inda ake dashen ƙoda, kamar Kano. 'Yan Afirka da yawa hantarsu na saurin narkar da shi, sai sun sha fiye da Bature, kuɗi ya ƙaru. In ya yi yawa shi kansa yana cin ƙoda, ya kawo rawar hannu, hawan jini da suga. Ciwon kan dawo in an janye shi.

Rituximab da belimumab

Rituximab ƙarin ruwa ne sau biyu, mako biyu tsakani, miligiram 750 a murabba'in mita ba tare da wuce giram 1 ba. Manyan gwaje-gwajensa biyu a kan manya, EXPLORER da LUNAR, ba su nuna ya fi ba, amma likitoci na ci gaba da amfani da shi inda sauran suka gaza, ko lupus na cinye ƙwayoyin jini. Tasirinsa kan kai wata 6 ko fiye. Yana tayar da ciwon hanta nau'in B da ke kwance, har ya kashe, kuma binciken ƙasa na 2018 ya samu cutar a jikin kusan kashi 8 na manyan Najeriya. Ba a sa shi sai an auna.

Belimumab, mai sunan kasuwa Benlysta, shi ne wanda aka gwada a kan yara kai tsaye. Gwajin PLUTO ya ɗauki yara 93 masu shekara 5 zuwa 17: 53 suka samu maganin, 40 suka samu ruwan da ba magani a ciki, dukkansu a kan magungunansu na da. Bayan shekara, kashi 53 na rukunin farko sun samu sauƙi, kashi 44 na na biyu. Yaran sun yi kaɗan a yanke hukunci da alƙaluman su kaɗai, kuma ba a sa masu ciwon ƙoda mai tsanani ba. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga yara a 2019, ga ƙodar yara a 2022, na biyun bisa gwajin manya 448 inda kashi 43 na masu maganin suka samu sauƙi, kashi 32 na waɗanda ba su samu maganin ba. Ana ba da miligiram 10 a kilo, kwalba ɗaya ta 400 ga yarinyarmu, kusan sau 15 a shekarar farko. Da ya fito a 2011 kuɗin shekara ga babba ya kai wajen dala 35,000. Yana son sanyin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta, kuma ƙari ne a kan mycophenolate, bai maye gurbinsa ba.

Shiga gwajin sabon magani

Anifrolumab da voclosporin sun samu amincewa ga manya a 2021. Obinutuzumab, a gwajin manya 271 da aka wallafa a 2025, ya daidaita ƙoda ga kashi 46, a kan 33 na waɗanda ba su samu maganin ba. Duka ukun an buɗe musu gwaji a kan yara ko matasa. A Erlangen ta Jamus an yi wa wata 'yar shekara 15 da ke kan wankin ƙoda maganin CAR-T, wato a ɗebi ƙwayoyin garkuwarta a sauya su a mayar, ta sauka daga injin. Labari ne mai daɗi, amma mutanen da aka yi wa kaɗan ne ƙwarai. Yawancin cibiyoyin gwajin nan suna Amurka, Turai, Latin Amurka da Asiya.

Yadda ake yi: yaro na ci gaba da maganinsa, a ƙara masa sabon ko ruwan banza, kwamfuta ce ke yin ƙuri'a, likita ma bai san wanne ya samu ba. Ribarsa maganin gwaji da aune-aune kyauta da sa ido sosai. Asararsa: illar da ba a sani ba tukuna, yawan zuwa, da yiwuwar maganin ya yanke ranar da gwaji ya ƙare.

Mutanen Arewa suna da dalilin ɗar-ɗar. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, Pfizer ta gwada Trovan a Kano, yara 200 suka shiga, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a kan ko an nemi yardar iyaye, har aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75 a 2009. Ƙa'idar binciken lafiya ta ƙasa ta fito a 2007. Yau gwaji na gaskiya yana da amincewar NAFDAC da ta kwamitin ɗa'a, yana da lambar rajista mai farawa da NCT ko PACTR da za a iya dubawa a intanet, ana bayani da Hausa, ana neman yardar yaron da ya yi wayo ban da sa hannun iyaye, kuma ana iya fita kowace rana ba tare da rasa kulawa ba. A tambaya a rubuce: wa zai biya in illa ta faru, kuma wa zai ci gaba da ba da maganin bayan gwaji? Wanda ya ce a biya shi kuɗi don ya sa yaro a gwaji, ko ya ce a ajiye magungunan asibiti tukuna, ɗan kasuwa ne.

| Zaɓi | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Mycophenolate | Mai nauyi, kowane wata | Mai kyau in ba a yanke ba | Ƙwaya sau biyu a gida | Zawo, ɓari, tawayar jariri |
| Cyclophosphamide | Matsakaici, mai iyaka | Sai an ɗora da wani | Zuwa asibiti sau 6 | Cuta, mafitsara, haihuwa |
| Azathioprine | Mafi araha | Matsakaici | Sau ɗaya a rana | Ɓargo, hanta |
| Tacrolimus | Mai nauyi, ga gwaji | Yakan dawo in an janye | Awon jini a babban asibiti | Ƙoda, suga, hawan jini |
| Rituximab | Mai tsada, jefi-jefi | Wata 6 ko fiye | Ƙarin ruwa sau 2 | Ciwon hanta B, cuta |
| Belimumab | Mafi tsada | Yana rage tashin ciwo | Duk mako 4, firiji | Cuta, damuwar rai |
| Gwaji | Magani kyauta | Ba tabbas | Zuwa da yawa | Illar da ba a sani ba |

Ko wanne aka zaɓa, a auna tarin tibi, ciwon hanta B da C da HIV kafin a fara. Rigakafi mai rai, kamar na ƙyanda da shawara, ba a yi wa yaron da ke kan waɗannan magunguna. Na mashaƙo da sanƙarau ana yi, kuma ƙannen yaron su cika nasu na ƙyanda. In ƙarambau ya shigo gida a kira likita a ranar. Zafin jiki digiri 38 asibiti ne, ba kemis ba. Ibuprofen da diclofenac na cutar ƙodar, Septrin na iya tayar da lupus, jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba haka. Azumi a zafin Katsina ga mai ciwon ƙoda da ke shan magani duk awa 12, a tambayi likita kafin watan ya kama. Alamar magani na aiki: furotin a fitsari ya ragu da kwata a wata 3, da rabi a wata 6.

Wanne ya dace da wa

Aji na 3 ko na 4, ƙoda na aiki, kuma akwai albashi ko inshorar NHIA ko KATSCHMA da aka tabbatar a rubuce tana ɗaukar maganin: mycophenolate daga farko har ƙarshe.

Aji na 3 ko na 4 ɗin dai, amma kuɗin gidan sai lokacin girbi ake samu, ko yarinyar ba ta shan ƙwaya sai da faɗa: cyclophosphamide a tsarin Turai, sannan azathioprine. Wannan ba zaɓin talauci ba ne da za a ji kunyarsa, hanya ce da ke cikin ƙa'idojin duniya.

Ƙoda na lalacewa cikin kwanaki, ko lupus ya taɓa ƙwaƙwalwa ko huhu: cyclophosphamide, sau da yawa na wata-wata, a kwance a asibiti.

Aji na 5 mai zubar furotin sosai: mycophenolate, a ƙara tacrolimus in iyali na iya zuwa Kano awo.

Aure ya matso kuma ciwon na kwance: azathioprine da hydroxychloroquine.

An yi wata 6 a kan cikakken adadi, an tabbatar ana sha, furotin bai ragu ba: a sauya tsakanin mycophenolate da cyclophosphamide, ko a kawo rituximab. A wannan mataki ne belimumab ya cancanci kuɗinsa ga mai hali, kuma a nan ne ya dace a roƙi likitan ƙodar yara ya duba rajistar gwaje-gwaje ko akwai wanda yaron ya cika sharuɗɗansa.